Yabon Kai ko Shaida?

A Damagaram mutum ba ya faɗar darajarsa da bakinsa. Ko Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma sa aka ƙera igwa a garinsa kafin rasuwarsa a 1884, maroƙa da makaɗa ne ke faɗar ko shi wane ne. Da wannan tarbiyya yaron Zermu ke tashi. In malami ya yaba masa sai ya sunkuyar da kai, in an tambaye shi yadda ya ci jarrabawa sai ya ce addu'ar iyaye ce. Yabon kai jahilci, in ji masu iya magana.

Wannan yaro ne, bayan ya gama Jami'ar André Salifou ta Zinder, zai zauna gaban baƙin fuska yana neman aiki, ko a matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, ko a kamfanin waya a Yamai, ko ta intanet a wani kamfanin ƙetare. Salon tambayar da ke yaɗuwa a irin wannan ganawa manyan kamfanonin fasaha na Amurka ne suka fi kaifafa shi. Kamfanin Amazon, wanda Jeff Bezos ya kafa a 1994, yana da rubutattun ƙa'idojin shugabanci, da 14 ne, aka ƙara biyu a 2021, kuma a kansu ake auna mai neman aiki. Za a ce ya ba da labarin wata matsala da ta taɓa tasowa, da abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Ana son ya ce "na yi". In ya ce "mun yi", sai a sake tambaya: kai fa, me ka yi?

A nan kunya ke zama asara. Saurayin da ya raba dare yana gyara kwamfutocin ma'aikatarsu, in ya ce aikin jama'a ne, gaskiya ya faɗa ta fuskar ladabi, amma mai sauraro zai rubuta cewa bai taɓuka kome ba. Aikin sai ya tafi ga wanda ya fi shi baki. Shin ya zubar da tarbiyyarsa a bakin ƙofa ke nan domin ya sami abinci?

Malamai sun daɗe da sanin wannan kulli. Akwai hadisin da aka hori Abdurrahman ɗan Samura da kada ya nemi shugabanci, ga kuma Annabi Yusuf, wanda ya nemi sarkin Misira ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, har ya ambaci amanarsa da saninsa. Ibn Kasir ya fahimci cewa wanda ba a san halinsa ba yana iya bayyana kansa in bukata ta kama. Bambancin ke nan tsakanin alfahari da shaida. Mai alfahari girma yake nema, mai shaida kuwa labarin abin da ya faru yake bayarwa ga wanda zai yanke hukunci da shi. Wanda ya rage aikinsa a gaban mai ɗaukar ma'aikata ya tauye shaida, kamar yadda wanda ya ƙara gishiri ya gurɓata ta.

Tsohuwar hanya ma, in za a faɗi gaskiya, ba ta rasa aibi ba. Inda wani ne ke yi wa mutum magana, wanda ba shi da kowa ba a jin labarinsa. Ɗan babban gida a Birni yana da bakuna goma, ɗan manomi daga Zermu ba shi da ko ɗaya. Ganawar ɗaukar aiki, duk da rashin kunyarta, ita ce ta ba shi damar zama maroƙin kansa na rabin awa.

Sai dai nauyin ya fi yawa a wuyan mai tambaya, domin shi ke da iko. Kamfanonin da kansu sun san ma'auninsu na kuskure: a 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya amsa cewa tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da suka yi suna da su ɓata lokaci ne kawai. Amazon kuwa takan zaunar da wani ma'aikaci daga wani sashe dabam, mai ikon hana a ɗauki mutum, don kada gaggawar shugaban sashe ta rinjayi hukunci. Duk da haka ba a ƙera waɗannan dabaru domin mai sunkuyar da kai ba. Shugaban da ke ɗaukar ma'aikata a ƙasar Hausa, in ya ji "mun yi", bai kamata ya rufe takarda ba. Sai ya tambaya wa ya fara gano matsalar, wa aka kira da dare, wa ya riƙe makullin ɗakin na'urori. Waɗannan tambayoyi yaron Zermu zai amsa su ba tare da jin ya yabi kansa ba.