Abin Da Doka Ta Yarda, Ya Zama Daidai Ke Nan?

'Yan'uwa, ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya. Idan gwamnati ta hana wani abu jiya, yau kuwa ta ba shi izini har tana karɓar haraji a kansa, abin ya sake hali ke nan? Labarin cacar wasanni a ƙasar Amurka zai taimake mu.

Cacar wasanni ita ce mutum ya sa kuɗi a kan cewa ƙungiya kaza ce za ta ci wasa. A shekara ta 1961 Amurka ta hana karɓar irin wannan caca ta waya daga jiha zuwa jiha. A 1992 aka ƙara wata doka wadda ta hana jihohi ba da izininta, ban da kaɗan, musamman Nebada. Amma da intanet ta zo, masu gidajen caca suka ƙetare ruwa, suka kafa ofisoshinsu a tsibirin Antiguwa da ƙasar Kosta Rika, inda hannun alƙalan Amurka ba ya kaiwa da sauƙi. Ba'amurke yana zaune a ɗakinsa ya kan aika da kuɗinsa ga mutanen da bai taɓa gani ba.

Gwamnati ta bi sawunsu. A shekara ta 2000 aka sami Jay Cohen, ɗaya daga cikin masu gidan World Sports Exchange na Antiguwa, da laifi, aka yanke masa ɗaurin wata 21. A watan Yuli na 2006 aka kama David Carruthers, shugaban BetOnSports, a filin jirgin sama na Dalas, gidan kuwa ya rufe da kuɗin mutane a ciki. A watan Oktoba na shekarar nan Shugaba George Bush ya sa hannu a dokar da ta sa bankuna su tare kuɗin da a ke aika wa gidajen caca na intanet. Ran 15 ga Afrilu 2011 aka auka wa manyan gidajen cacar karta guda uku. Da aka bincika littattafan ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, sai aka ga 'yan caca suna binsa wajen dala miliyan 390, abin da ke asusunsa kuwa bai wuce miliyan 60 ba. World Sports Exchange ma ya rufe a 2013, mutane suna binsa bashi.

Mai karatu zai ce, madalla, an kashe macijin. Amma ba a sare kansa ba. Ran 14 ga Mayu 2018 Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe dokar 1992 a shari'ar da jihar Niyu Jasi ta kai gabanta. Sai mu lura da kyau: alƙalan ba su ce caca abu mai kyau ne ba. Cewa suka yi majalisar ƙasa ba ta da ikon ɗaure hannun jihohi haka. Kafin ƙarshen 2024 jihohi 38 sun ba da izini. A 2023 kaɗai Amurkawa sun sa kusan dala biliyan 120 a gidajen da doka ta yarda da su, gidajen kuwa suka riƙe kusan biliyan 11. Gidajen ƙetare ba su mutu duka ba, amma da yawa daga cikin masu zuwa wurinsu sun daina, gama kasuwar ta zo ƙofar gidansu. Raguwar cacar ƙetare fa ba tuba ba ce, ƙaura ce.

Lallai mu faɗi gaskiya, izinin nan ya gyara waɗansu abubuwa. Wanda ya ci ana biyansa, in an hana shi akwai inda zai kai ƙara. An hana yara shiga. Jihohi suna samun haraji; Niyu Yok tana karɓar kashi 51 cikin 100 na ribar cacar waya. Aikin doka ke nan, ta hana zamba, ta tsare amana. Amma akwai abin da ba ta iya taɓawa.

Bari mu yi lissafi. A al'adar gidajen nan, mutum ya kan sa dala 110 domin ya ci 100. Mutum biyu suka sa, wannan a ƙungiya ɗaya, wancan a ɗayar. Mai gida ya karɓi 220. Wanda ya ci aka ba shi 210. Goma ta tsaya a hannun mai gida, ko wa ya ci. Saboda haka ɗan caca sai ya ci fiye da sau 52 cikin 100 kafin ya mai da uwar kuɗinsa kawai. Wannan lissafi ɗaya ne a Antiguwa da Niyu Yok. Hatimin gwamnati bai rage ko anini daga ciki ba.

Wani zai ce, ai manomi ma caca ya ke yi, yana zuba iri bai san ko ruwa zai zo ba. Amma a duba bambanci. In gonar manomi ta yi albarka, hatsi ya ƙaru a gari, maƙwabcinsa ma ya ci. In mai saye da mai sayarwa suka rabu, kowa ya tafi da abin da ya ke bukata. A caca kuwa babu abin da ya ƙaru. Ɗarin da na ci daga aljihun wani ta fito, wataƙila kuɗin makarantar ɗansa ne. Ba ni da hanyar murna sai ta baƙin cikinsa. Yaya zan ƙaunaci maƙwabcina ina roƙon ya faɗi?

Akwai kuma wata hasara. Dā mai son caca sai ya sha wuya ya nemi hanyar aika kuɗi, yana tsoro, yana jin kunya. Wuyar nan da kunyar nan shinge ne, sun tsare mutane da yawa waɗanda ba su da ƙarfin tsare kansu. Da aka ba da izini sai a ke tallar caca a tsakiyar wasa, tana kuma cikin wayar da ke aljihun saurayi dare da rana. Har wasan kansa bai tsira ba: a watan Afrilu na 2024 aka kori Jontay Porter daga babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka har iyakar ransa saboda caca.

To, 'yan'uwa, doka tana faɗa mana abin da ba za a ɗaure mu a kai ba. Ba ta faɗa mana abin da ya cancanci mutumin kirki. A garuruwanmu ma shagunan cacar ƙwallo suna da takardar izini, 'ya'yanmu kuwa suna riƙe da irin wayar nan. In saurayi ya ce maka, "Baba, ai ba a hana ba," kada ka yi masa tsawa. Ka zaunar da shi, ku yi lissafin dala 110 tare, sa'an nan ka tambaye shi kuɗin wane ne ya ke fatan ci. Inda shingen waje ya faɗi, sai na cikin zuciya. Allah ya ba mu ikon gina shi a gidajenmu.