Idan Mai Kaya Bai San Darajar Kayansa Ba

A Zangon Kwatano, cikin kayan gwanjo, wani lokaci akan tarar da tsohuwar jitar bes. Kamfanin Fender ya fito da Precision Bass a 1951, Jazz Bass kuwa a 1960. Na wancan zamani suna da tsada ƙwarai, amma jabu sun yi yawa. Masani yakan duba lambar ƙira, da miƙewar wuya, da amon kowace tsirkiya.

To, idan ya gane ta ainihi ce, mai ita kuwa ya sa mata kuɗin jabu, sai ya yi shiru? Neman ragi ba laifi ba ne, amma cin riba daga rashin sanin maƙwabci zalunci ne. Wanda ya faɗi gaskiya, ya biya abin da ya dace, zai kaɗa ta da kwanciyar rai.