Mas'ala a kan jinin yaro ranar Ashura

  

Ya ku 'yan'uwa muridai na Tambuwal da Kebbe, ku sani goma ga Muharram, watan da muke ce ma cika-ciki, ita ce ranar da anka kashe Sayyidina Husaini jikan Manzon Allah a Karbala, shekara ta 61 ga hijira, 680 ga lissafin Nasara. Babu ɗan ɗariƙa face shina son Husaini. Ƙaƙa ba haka ba, alhali Shehu Abdulƙadir da Shehu Tijjani duka ana danganta su ga ɗan'uwansa Hasan?

To, a Nabaɗiyya ta ƙasar Labanan, da sashen Iraƙi da Indiya, akwai waɗansu daga Shi'a masu sa farin tufa wagga rana, su tsaga kawunansu da takobi ko aska har jini shi zuba, suna ce ma abin taɗbir. Wani ma shi kan ɗauko ɗansa ƙarami a yi masa tsaga. Adalci shi ne a faɗi cewa malamansu da yawa sun hana. Sayyid Muhsinul Amin na Dimashƙa ya wallafa risala kan haka a 1928, Ali Khamene'i na Iran ya yi fatawar hani a 1994, kuma da yawansu sun koma ba da jini ga asibiti.

Mas'alar ita ce: shin uba na da ikon biyan bashin soyayyarsa da jikin ɗansa? A'a. Muridi in ya tashi dare, ya yi yunwa, ya shiga halwa, ransa shika horo, da niyyarsa da yardarsa. Jinjiri fa, ina niyyarsa? Baƙin cikin na uba, zafin askar na ɗa. Ɗa amana ce, ba dukiya ba. Annabi Ibrahim, wanda umurni ya zo ma, an fanshi ɗansa da rago. Kuma ku tuna, cikin waɗanda anka kashe a Karbala har da jinjirin Husaini, kibiya ta same shi shina hannun mahaifinsa. Wanda ke kukan wanga jini, yaya za shi miƙa nasa jinjiri ga aska?

In mai cewa ya ce, ai ku ma kuna kai ɗiyanku ga wanzami, sai mu ce: kaciya sunna ce, amfaninta na komawa ga yaron. Amma wanga mai magana bai rasa gaskiya ba duka. Cire beli ga jinjirin kwana 7 da tsagar gado, wane nassi munka dogara gare shi? Al'ada ce, kuma aska guda ta kan bi yara da yawa, ta ɗauki cutar wani ta kai ga wani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Ihya'us Sunna, bidi'o'in gida ya bi.

Ga abin da magabata sunka yi da yaransu wagga rana. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labari, Buhari da Muslim sun ruwaito, cewa a Madina su kan sa ƙanana azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu. In yaro ya yi kukan abinci sai a miƙa masa shi, shi shagala har rana ta faɗi a sha ruwa.