Gawon Gonar Kakanmu

 

Bayan karatun daren Laraba wani ɗalibi ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Akaramakallahu, wai a wane littafi kake samo misalan nan naka? Na duba tafsirai ban ga zancen gawo da jaki ba." Na yi dariya, na ce masa littafin yana Bacirawa, kuma ranar Asabar za a yayyaga shi. Ya ɗauka zolaya ce. To ga bayanin, shi da sauran 'yan uwa masu bin wannan shafi.

A Bacirawa aka yanke mini cibiya, a ƙasar Ungogo. Muna yara, in ka fita bayan gari gona ce ke haɗe da gona, ba daji a tsakani, sai layin gamba da ke raba iyaka. Ɗorawa nan, tsamiya can, kuka ta yi tsaye kamar tsohuwar da ke jiran jikoki su dawo. Bayan ruwan farko, in gero ya fara kai gwiwa, hantsi ya dake shi, wallahi sai ka ji tasbihi ya fito bakinka ba ka shirya ba. Alƙur'ani a Suratul Gashiya ya tura Larabawa su dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, wato abin da ke gaban idonsu kullum. Ni abin da ke gaban idona shi ne gonar kakanmu, Allah Ya jiƙansa.

Mutanenmu ba sa barin gona ta huta, don ƙasar ba ta da yawa, mutane kuwa sun yi yawa. Shekara da shekaru ana nome wuri guda, kuma bai mutu ba. Sirrin taki ne. Da rani kakanmu zai ɗora wa jaki itace ya shiga birni, ya dawo da mangala cike da shara da toka da kashin awaki, a zuba tsibi-tsibi a gona. Abin da mutanen birni ke toshe hanci su zubar, shi ke dawo musu a matsayin dawa da wake. Duk sanda na hau mumbari ina maganar zuciyar da ake nomanta kullum da neman duniya ba a zuba mata karatu da zikiri, jakin nan nake gani a gabana.

Amma babban malamina gawo ne. Ku lura da shi. Da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, har baƙo ya ɗauka ya bushe. Ganyen da ya zubar ya zama taki, rana kuma ta sami hanyar sauka kan shuka, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na ko'ina cika. In rani ya tsananta, ciyawa ta ƙone, sauran itatuwa sun yi fayau, a lokacin ne zai yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo wa awaki da tumaki 'ya'yansa. Kakanmu yakan nuna shi da sanda ya ce, "Malam ƙarami, ka ga mutumin kirki." Na daɗe ban gane ba. Sai da na girma na ga attajiran da ke cika gidan biki su ɓace ranar jinya, na kuma ga wani tsohon tela a unguwarmu da ba a jin ɗuriyarsa sai an yi rashi ko marayu sun kwana da yunwa. Huɗubata ta farko a kan ihlasi daga gindin itacen nan ta fito.

Tarihi ma a ƙafa na fara karanta shi. Ranar da kakanmu ya tafi da ni kasuwar Kurmi, ya biya da ni Dala, muka hau muna haki. Daga sama ya nuna mini birni, ya ce a nan Barbushe ya riƙa jagorantar bautar Tsumburbura, yanzu kuma saurara. Na saurara, sai kiran sallar Azahar ya taso ta kowace kusurwa. Daga baya na karanta cewa Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma Shehu Magili ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, har ya rubuta masa nasiha a kan mulki. Shekarun a takarda na same su, amma abin da na ji a kan dutsen nan shi nake faɗa wa duk wanda ya fid da rai da shiriyar ɗansa ko ta garinsu.

A nan bari in yi gyara biyu. Maganar da ake yawo da ita cewa son ƙasa yana cikin imani, malaman hadisi ba su inganta ta ba, kada mu jingina wa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, abin da bai tabbata ba. Ba ma buƙatarta ma, domin ya tabbata cewa ya bayyana sonsa ga Makka da ga Dutsen Uhudu. Na biyu, samarin da ke cewa a sare tsamiya da kuka wai gidan iskoki ne, ku yi hattara. Wanda ya kai wa itace yanka ya yi shirka, a yi masa wa'azi. Itacen kuwa me ya yi? A Buhari da Muslim an ruwaito cewa abin da Musulmi ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi.

Abin da ke damuna da ƙananan masu wa'azi da marubutanmu shi ne kwafe. Yaro ya saurari malamin wata ƙasa a waya, gobe ya zo yana ba manoman Kano misali da dusar ƙanƙara. Tsofaffi su gyaɗa kai don kunya, su tashi ba abin da ya shige su. Alhali ga kalwa da ake dafawa a rufe ta kwanaki tana wari kafin ta zama daddawa, misalin haƙuri da kowace uwa a gidan nan za ta gane.

Yanzu gari ya cim ma gonar. Magada sun yi yawa, an yanke shawarar a yanka ta fulotai a raba. Haƙƙinsu ne, shari'a ta ba su, kuma cikinsu akwai zawarawa da masu kuɗin makaranta a wuya, ban isa in hana ba. Ɗorawa biyu an riga an sayar wa masu itace. Na roƙi a ba ni rabona a kusurwar da gawon yake, can nesa da titi, inda ya fi arha. Babban wanmu ya dube ni ya ce, "Malam, itace za ka ci?" Na ce, "Yaya, shekara ashirin ke nan ina cinsa." Bai amsa ba, ya ce sai ya ji ta bakin sauran. Mai awo zai zo ranar Asabar da hantsi, ku sa mu a addu'a.