Shin Ya Halatta Gari Ya Yi Arziki Da Cutar Mutane?

A shekarar 2021 hukumar birnin Mainz na ƙasar Jamus ta yi hasashen giɓi a kasafin kuɗinta, sai ga shi ta ƙare shekarar da rarar sama da Yuro biliyan 1. Sanadin haka shi ne harajin kamfanin BioNTech, wanda Ugur Sahin da Ozlem Tureci suka kafa a birnin a 2008, kuma ya samar da allurar rigakafin korona tare da kamfanin Pfizer. Ribar BioNTech a wannan shekarar ta haura Yuro biliyan 10. Birnin ya rage bashin da ke kansa, har ya sassauta haraji don jawo wasu kamfanonin magunguna. To, dukiyar da ta fito daga annobar da ta kashe miliyoyin mutane, tana da tsabta?

Karɓar lada a kan magani halal ne. Ya tabbata cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho kuma ya biya wanda ya yi masa. Mai haɗa magani bai haddasa cutar ba, gusar da ita ya yi. Sai dai shari'ar da ta halatta ciniki ita ce ta haramta ɓoye abin da jama'a ke tsananin buƙata. A nan ne lissafin Mainz ya gaza. A ƙarshen 2021, ana yi wa Turawa allura ta uku, alhali a Afirka waɗanda suka kammala tasu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Da Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi a dakatar da haƙƙin mallakar fasahar rigakafin a Oktoban 2020, Jamus na cikin waɗanda suka ƙi.

Za a ce in ba don kwaɗayin riba ba, babu mai zuba jarinsa a binciken da galibinsa kan tashi a banza, kuma BioNTech kansa ya yi sama da shekara 10 bai kai magani ko ɗaya kasuwa ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ribar ta cancanta. Amma kasadar ba ta 'yan kasuwa kaɗai ba ce. Gwamnatin Jamus ta ba kamfanin Yuro miliyan 375 a 2020, kuma fasahar ta ginu ne a kan binciken jami'a irin na Katalin Kariko da Drew Weissman a Amurka. Abin da aka gina da dukiyar jama'a da ilimin jama'a, jama'a na da haƙƙi a cikinsa. Za a kuma ce kamfanin ya buɗe masana'anta a Kigali a 2023. Madalla, amma bayan annobar ta lafa ne.

Saboda haka arzikin Mainz halal ne a asalinsa, amma akwai haƙƙin marasa lafiya a kansa. Duk yankin da ke auna masana'antar magungunansa da haraji da guraben aiki kaɗai, ya yi rabin lissafi. Sauran rabin shi ne yawan talakawan da maganin ya isa gare su a kan lokaci.