Saurin intanet: haƙuri da amana

Manhajojin ƙara saurin intanet, irin su Opera Mini da ta fito daga Norway a 2005, suna matse shafi a kwamfutocin kamfani kafin ya iso waya, sai ya buɗe da wuri, kuɗin data ya ragu. Neman wannan sauri bai saɓa wa haƙuri ba. Malamai sun bambanta gaggawa, wato neman abu kafin lokacinsa, da tattalin lokaci, wanda za a tambayi bawa a kansa ranar hisabi. Rage jiran banza tattali ne.

Nauyin yana wajen amana. Duk shafin da aka matse sai ya ratsa hannun kamfanin, har da sirrin wasu mutane da ba a nemi yardarsu ba.