Da Me A Ke Auna Girman Mamaci?

A ƙasar Amurka, gabas da kogin Misisifi, daura da birnin Sen Luwis, akwai wani kufai da a ke kira Kahokiya. Daga wajen 1050 zuwa 1350 babban birni ne na mutanen ƙasar na asali, tun Turawa ba su sa ƙafa can ba. Da kwanduna suka yi ta jidar ƙasa suna tsiba tuddai, har babbansu ya kai ƙafa 100.

A 1967 masana suka soma tona wani ƙaramin tudu mai lamba 72. Suka tarad da gawa biyu tare da shimfiɗar duwatsun ado fiye da 20,000, waɗanda aka feƙe daga katantanwar teku, aka jera su kamar siffar shaho. Da fari an zaci duka maza ne, sai binciken 2016 ya nuna namiji ne da mace. A ganin masana, shaho alamar sama ce a wurinsu, namiji da mace kuwa alamar haihuwa da sabuntar rai. Ashe su ma ba su ɗauki kabari ƙarshen tafiya ba, ba kuwa za mu raina su a kan wannan ba.

Amma tudun nan mutum wajen 270 ya ƙunsa, da yawansu kuwa kashe su aka yi don hadaya. A rami guda an sami mutum 53, galibinsu 'yan mata. An kuma sami maza huɗu, ba kai, ba hannu.

To, jama'a, mu tambayi kanmu, girman da sai an biya shi da ran wani, girma ne? Kowace yarinya a ramin nan tana da uwa, ranta kuwa bai fi na mai gadon ado araha ba. Me aka saya da shi? Ba su bar rubutu ba, yau ba wanda ya san sunan manyan nan biyu. Ko sunan Kahokiya ma na aro ne, daga wata kabila da ta zauna wurin daga baya.

Ku 'yan makaranta, wata rana waɗansunku za su riƙi mulki. Ba sai an kashe mutum a ke binne shi don girman wani ba. Wanda ya ci haƙƙin na ƙasa da shi don a ce da shi babba, ya tona irin ramin nan ke nan. Ku tuna, alheri shi ne gadon barci, ba duwatsun ado ba.